Mil Shida

Kawu Filibus ya yi shekara talatin yana koyar da labarin ƙasa,
har yau in zai yi gardama sai ya nemi rula.
Ran da Irimiya ya dawo daga Aba
da farar riga, da laktaye, da littafi mai shuɗin bango
wanda masu wa'azin Mormon suka ba shi,
Kawu bai ce masa ya ɓata ba.
Cewa ya yi, Rifkatu, ɗauko min taswira.

Na zaro ta daga bayan kabad,
gara ta cinye rabin Masar.
Ya shimfiɗa ta a gindin mangwaro,
ya danne gefe da kofin shayi, gefe da takalminsa.
Dutsen Kufena yana leƙenmu ta saman katanga.

Ga Baitalami, in ji shi, ga Urushalima.
Mil shida ne tsakani,
na auna tun uwarka tana goye.
Naka littafin ya kai haihuwar Almasihu Urushalima.
Wanda ya ɓata hanyar gidan suna,
shi zan bi zuwa gidan gaskiya?

Irimiya ya gyara zama, bai ɗaga murya ba.
Kawu, a Aba in an tambayi garinmu
Zariya nake cewa.
Wa ya san Wusasa a can?
Ga shi kuwa cibiyata nan take, bayan madafin Inna.
Maƙaryaci ne ni ke nan?

Kai da 'yan kasuwa kake magana, in ji Kawu,
annabi ba ya cewa wajen-wajen.

Ina gefe ina tsintar wake,
tsakuwa a hagu, ƙwaya a dama,
ina ma zance yana tsintuwa haka.

Sai Kawu ya sa yatsa a bakin Bahar Maliya,
ya ja shi a hankali gefen hamadar Larabawa.
Ina kogin naku, mai gudu rani da damina?
Ban ga shuɗin zare ko ɗaya ba.

Wanda ya zana wannan, da ƙafa ya bi kwarin?
Je ka Kubanni a watan Maris, Kawu.
A takarda shuɗiya ce shar,
a ƙasa yara ke tsallake ta ba su jiƙa wando ba.
Taswira ma takan yi kuskure.

Kawu ya yi dariya har da tari.
Ka ɗauko min sanda da hannunka, yaro.
Takarda takan ƙara ruwa inda ya ƙafe,
ban taɓa ganin ta shanye kogi ba.

Inna ta aiko sau biyu, tuwo ya huce.
Ƙararrawar coci ta kaɗa,
kiran magariba ya taso daga ƙetaren titi,
ba wanda ya kayar da wani.
Iska ta ɗaga gefen taswirar,
Urushalima ta kifa kan Baitalami,
mil shidan ya zama kaurin takarda.

Cikin dare na fito shan ruwa,
na ga haske a ɗakin Kawu.
Tocila a haƙori, fensir a hannu,
yana bin shuɗin littafin layi-layi
kamar mai duba jarrabawar ɗalibin da yake so ya ci
amma ba zai ƙara masa maki ko rabi ba.
Da safe Irimiya ya naɗe taswirar,
wai zai kai ta Samaru a yi masa kwafi.

Ni ce mai bin Kawu ofishin fansho.
Na san takardarsa, na san layin wurin haihuwa.
Zariya aka rubuta,
shi kuwa a wani ƙauye aka haife shi, gaba da Giwa,
tafiyar yini a kan jaki.
Ban faɗa wa Irimiya ba.
Kawu ma ban tuna masa ba.